Bitar zagayen yini guda a Adis Ababa kan tarihin ikkilisiya a zamanin Derg

Tun ina yaro sunan Adis Ababa ya shiga kunnena, kuma ta cikin akwatin rediyon mahaifina ya shigo. Da yamma, idan an dawo daga gona, yakan zauna a bakin zaure yana murɗa rediyon a gajeren zango har sai ya kamo shirin Muryar Bishara, wanda ake haɗawa da Hausa a Jos, a aika da shi Habasha, sannan tashar da Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe a can a 1963 ta watso mana shi. Wata rana a 1977 ya murɗa har ya gaji bai sami komai ba, kuma sai bayan shekaru da yawa na san cewa a ranar 12 ga Maris na shekarar ne gwamnatin soja ta Derg ta ƙwace tashar, ta mayar da ita muryar juyin juya hali. Saboda haka da aiki ya kai ni birnin, na kuma sami yini guda babu taro, sai na nemi a haɗa ni da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da na ji yana zagayawa da baƙi wuraren da suka shafi rayuwar Kirista a ƙarƙashin mulkin gurguzu na 1974 zuwa 1991. Ba zan kama sunan kamfanin ba, tun da akwai abubuwan da zan kushe a aikinsu, amma duk wanda ya tambaya a masaukan baƙi na ikkilisiyoyin birnin zai sami mai haɗa shi da ja-gora irin wannan.

Shirya tafiyar bai ba ni wahala ba. Ta WhatsApp muka yi magana, suka turo mini takardar da ke bayyana wuraren da za a je, muka daidaita a kan kuɗin da ya yi kusan daidai da na kwana biyu a matsakaicin masaukin da na sauka, wanda ya haɗa da mota da direba da ja-gora da abincin rana. Ban ga tsada a ciki ba, ganin cewa mu uku ne kawai a motar, ni da wasu mata da miji daga Kenya. Inda aka fara samun tangarɗa shi ne lokaci. Mutanen Habasha suna fara ƙirga sa'o'insu ne daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe takwas na safe a wurinmu ƙarfe biyu ne a wurinsu, kuma wanda ya rubuto mini saƙo ya sa ƙarfe biyu ba tare da wani bayani ba. Da ban tambayi mai karɓar baƙi a masauki ba, da na zauna jiran azahar. Kamfanin da baƙi ne abokan cinikinsa ya kamata ya riƙa rubuta lokaci ta hanyoyi biyun. Motar dai ta zo a kan kari, tana da tsabta, direban kuma mai natsuwa ne a cikin cunkoson birnin. Ja-goran mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, ɗan ikkilisiyar Mekane Yesus, wato Lutheran ta Habasha, mai magana a hankali, wanda tun da ya ga furfurata ya riƙa kirana Gashe, kalmar girmamawa da suke yi wa dattijo.

Mun fara da dandalin Meskel, wato dandalin gicciye, inda ake kunna babbar wuta duk watan Satumba a bikin tunawa da gano gicciyen Almasihu. Derg ta canza masa suna zuwa dandalin juyin juya hali, ta kafa manyan hotunan Marx da Engels da Lenin suna kallon jama'a, kuma a nan ne a 1977 shugaban Derg, Mengistu Haile Mariam, ya fasa kwalabe cike da jan ruwa a gaban taro don nuna abin da zai sami waɗanda ya kira maƙiyan juyi. A gefen dandalin akwai gidan tunawa da waɗanda aka kashe a wannan lokaci, wanda suke kira Key Shibir, ma'ana jan ta'addanci. An buɗe gidan a 2010, ba a biyan kuɗin shiga, sai dai mutum ya ba da abin da ya sawwaƙa. A ciki akwai bango cike da hotunan matasa, yawancinsu ɗalibai, da tufafin da aka tono daga kaburburan bai-ɗaya, da ƙoƙunan kai da ƙasusuwa a jere a bayan gilashi. Akwai kuma siffar mutum a ɗaure, an rataye shi a sanda kansa na ƙasa, tafin ƙafafunsa na sama inda ake dukansa. Ja-goranmu ya yi abin da ya dace a nan, ya ja da baya ya bar wani ma'aikacin gidan, wanda shi kansa ya yi zaman kurkuku a lokacin, ya yi mana bayani. Daga bakinsa na ji cewa akan sa iyaye su biya kuɗin harsashin da aka kashe ɗansu da shi kafin a ba su gawa. Matar nan 'yar Kenya ta fita waje ta zauna a kan dakali, kuma babu wanda ya matsa mata ta dawo.

Abin da ya fara sa na amince da ja-goran shi ne gaskiyar da ya faɗa a bakin ƙofar wannan gida. Ya ce kada mu ɗauka cewa fuskokin da muka gani a bango an kashe su ne saboda bangaskiya, domin mafi yawansu 'yan ƙungiyoyin gurguzu ne da ke hamayya da sojoji, Kirista da Musulmi da waɗanda ba su da addini, kuma tsananin da ya faɗa wa ikkilisiya wani reshe ne na babbar masifa da ta rufe kowa. Ya ƙara da cewa a farkon juyin da yawa daga cikin masu bi na kudancin ƙasar sun yi murna. Dokar filaye ta Maris 1975 ta ƙwace gonaki daga hannun iyayen gida ta ba manoman da suka yi zamanai suna noma wa wasu, kuma kawar da matsayin cocin Otodoks na addinin gwamnati ya sa ƙananan ikkilisiyoyi sun yi zaton sun sami sarari, musamman 'yan Mulu Wengel, masu bin tafarkin Fentikos, waɗanda gwamnatin Sarki Haile Selassie ta hana wa rajista a 1967, ta kuma kama su da yawa a 1972. Mai sayar da labarin shahada ba ya son irin wannan bayani, domin yana rage wa labarin kaifi, amma shi ya faɗe shi ba tare da an tambaye shi ba.

Daga nan muka hau zuwa Arat Kilo, babbar majami'ar Triniti Mai Tsarki ta Otodoks, inda aka sake binne Haile Selassie a Nuwamban 2000, shekara ashirin da biyar bayan mutuwarsa a hannun sojojin da suka tuɓe shi a ranar 12 ga Satumba, 1974. A harabar akwai wurin tunawa da manyan jami'an gwamnatin sarki su sittin da aka harbe a dare guda, ranar 23 ga Nuwamba, 1974. A nan kuɗin shiga ba ya cikin abin da muka biya kamfanin, kuma ba a faɗa mana hakan tun farko ba, sai da muka tsaya a ƙofa muna lalube aljihu muna neman Birr. Kuɗin ba shi da yawa, amma rashin sanarwar ya sa ni ɓacin rai kaɗan. Mun cire takalma muka shiga, muka tarar da tsofaffin mata lulluɓe da farin mayafi suna jingine da bango suna addu'a, ba su ko ɗaga kai sun dube mu ba. Ja-goran ya ba mu labarin Abuna Tewofilos, shugaban cocin Otodoks na ƙasar baki ɗaya, wanda Derg ta tuɓe ta tsare a 1976 bayan ya naɗa bishop-bishop ba da izininta ba, aka kuma kashe shi a ɓoye a 1979. Sai bayan faɗuwar gwamnatin aka tono gawarsa a harabar tsohon gidan Ras Asrate Kassa, aka binne shi da girmamawa a 1992. Wanda sojoji suka ɗora a gurbinsa, Abuna Tekle Haymanot, sufi ne daga karkara mai yawo ba takalmi, kuma ko da yake an kawo shi ne don a sami mai sauƙin juyawa, jama'a sun ƙaunace shi saboda gudun duniyarsa har ya rasu a 1988. Duk wannan ja-goran ya faɗa daidai, amma cikin minti goma ya gama, ya fara duban agogo. Cocin da ya fi kowanne yawan mabiya a ƙasar, wanda ya rasa filayensa da shugabansa, ya cancanci fiye da haka, kuma na ji a jikina cewa mai bayanin yana magana ne a kan gidan maƙwabci.

Abincin rana a wani ƙaramin gidan abinci muka ci shi, kuma da yake Laraba ce, ranar azumin Otodoks, sai aka kawo mana babban faranti na injera, wainarsu mai tsami da ake yi da garin tef, an jera mata miyar wake da ganye da kabeji babu nama. Abincin ya yi daɗi, ya kuma ƙosar. A hanya mun tsaya minti biyar a gaban hasumiyar Tiglachin mai jan tauraro a ƙololuwa, wadda Koriya ta Arewa ta taimaka aka gina aka buɗe a 1984, shekarar da gwamnati ta yi gagarumin bikin cika shekara goma alhali yunwa na kashe mutane a Wollo da Tigray.

Tsayawar da ta fi girgiza ni ba ta da wani gini na musamman. A unguwar Urael ja-goran ya sa direba ya tsaya a gefen titi kusa da majami'ar Mekane Yesus, ya ce a wannan yanki ne aka sace Kes (wato Fasto) Gudina Tumsa da yammacin ranar 28 ga Yuli, 1979, bayan ya fito daga koyar da Littafi Mai Tsarki. Gudina ɗan ƙabilar Oromo ne, an haife shi a Boji a lardin Wollega a 1929, ya yi karatun tauhidi a Amurka, ya kuma zama babban sakataren ikkilisiyar Mekane Yesus daga 1966. Tun kafin zuwan sojoji ya kasance mai faɗin ra'ayinsa. A 1972 ikkilisiyarsa ta rubuta wa Tarayyar Lutheran ta Duniya wasiƙar da ta yi suna, inda ta ƙalubalanci masu ba da agaji na Turai da ke shirye su ba da kuɗin asibiti da rijiya amma suna ƙyamar ba da na wa'azi, ta ce mutum jiki ne da ruhu, ba a raba hidimarsa gida biyu. Ya goyi bayan raba filaye ga talakawa, amma ya ƙi yarda ikkilisiya ta zama kakakin gwamnati. An kama shi a 1978, aka sake kama shi a Yunin 1979, sai Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya sa baki aka sake shi, aka kuma buɗe masa hanyar barin ƙasar. Ya ƙi tafiya, yana mai kafa hujja da 2 Korintiyawa 5:15, ayar da ke cewa Almasihu ya mutu domin kowa, don masu rai kada su ƙara rayuwa domin kansu. An kashe shi, gwamnati ta yi shiru, iyalinsa suka shekara goma sha uku ba su ga gawarsa ba sai a 1992, matarsa Tsehay Tolessa kuma ta yi kusan shekara goma a kurkuku tana shan azaba. Ja-goran ya ba da wannan labari a tsaye a bakin titi, motocin haya masu shuɗi da fari suna wucewa, wani yaro mai goge takalmi yana kallonmu, kuma muryarsa ta sarƙe sau biyu kafin ya kai ƙarshe. Ban ga alamar wasan kwaikwayo a ciki ba.

Yanzu zan zo kan babban saɓanin da na gani tsakanin takardar tallar kamfanin da abin da ja-goransu ya nuna mana. Takardar ta cika da hotunan Turawa 'yan mishan, tana kuma gabatar da zagayen a matsayin labarin jaruntakarsu a bayan labulen gurguzu, wataƙila domin yawancin masu biyan kuɗin daga Amurka da ƙasashen arewacin Turai suke zuwa. Ba na raina aikin 'yan mishan, domin ni ɗan ECWA ne, kuma ƙungiyar mishan ta SIM, uwar ECWA, da ta iso ƙasarmu a 1893, ita ce ta shiga Habasha a 1927 ƙarƙashin Dokta Thomas Lambie, daga aikinta kuma ikkilisiyar Kale Heywet ta fito, wadda sunanta ke nufin maganar rai, 'yar'uwar tamu ta jini. Amma tarihin ƙasar ya nuna sau biyu cewa ikkilisiya ta fi bunƙasa ne a lokacin da baƙin suka tafi. Lokacin da Italiya ta mamaye ƙasar ta kori 'yan mishan daga Wolayta a 1937, masu bi 48 da aka yi wa baftisma suka bari, da suka dawo bayan 'yan shekaru kuma dubbai suka tarar. A zamanin Derg ma haka ta faru. Daga 1977 yawancin 'yan mishan sun fice, an ƙwace makarantu da asibitoci, waɗanda suka rage kuma aikin lafiya da agaji aka ƙyale su su yi. Dangantaka da Turawa ma ta zama abin zargi, domin jami'an gwamnati suna kiran bangaskiyar waɗannan ikkilisiyoyi da mete, wato baƙon addini, suna ce wa mabiyanta 'yan leƙen asirin Amurka, kalmar Pente kuma, wadda aka gutsuro daga Fentikos, ta zama zagi da ake jifan kowane ɗan Furotesta da shi. An rufe ɗaruruwan majami'u a Wolayta da Wollega, aka mayar da wasu ofisoshin kebele, wato hukumar unguwa, an kuma ƙwace babban ofishin Mekane Yesus a 1981. Waɗanda suka ɗauki dukan a tafin ƙafafunsu manoma ne da malaman makaranta da matan aure 'yan ƙasa. Ja-goran ya san haka, ya kuma faɗe shi, saboda haka kamfanin ya kamata ya gyara takardarsa ta dace da bakin ma'aikacinsa.

Sashen da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne na la'asar, lokacin da aka kai mu gidan wata dattijuwa a wata unguwa ta talakawa, a bayan katangar kwano. 'Yar ikkilisiyar Meserete Kristos ce, wadda ta samo asali daga aikin 'yan mishan na Mennonite da suka sauka a garin Nazret, wanda yanzu ake kira Adama, a 1945. A Janairun 1982 gwamnati ta rufe ikkilisiyar baki ɗaya, ta ƙwace gine-ginenta da kuɗinta na banki, ta tsare shugabanninta shida na tsawon shekaru ba tare da shari'a ba. A lokacin masu baftisma a cikinta kimanin 5,000 ne. Da aka dawo fili a 1991 aka ƙirga, sai aka sami kimanin 34,000, kuma a yau babu ikkilisiyar Mennonite da ta kai ta yawan mabiya a duniya. Na san waɗannan alƙaluma kafin in zo, amma ban fahimci yadda abin ya yiwu ba sai da na zauna a ɗakin wannan mata.

Ɗakin bai fi taku biyar a tsawo ba, da gado guda, da kujeru uku, da ƙaramin kabad mai gilashi. Ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta soya ƙwayar gahawa a kan garwashi ta zagaya da kaskon don mu shaƙi ƙamshin, ta daka ta a ƙaramin turmi, ta dafa a tulun baƙar ƙasa mai dogon wuya. Muna kiranta Emama, ita kuma tana ce mana 'ya'yana, har da ni da ban fi shekara goma a ƙasa da ita ba. Ta bakin ja-gora ta ce a wannan ɗaki suke taruwa, mutum biyar zuwa bakwai, ba a wuce haka, kuma idan suka yi yawa sai a raba su gida biyu. Ba a shigowa tare, sai ɗaya bayan ɗaya da tazara, ana riƙe da abin da zai nuna ziyara aka zo. Ba a rera waƙa da murya, sai dai a karanta baitocin a hankali kamar ana raɗa, kuma tulun gahawa yana kan wuta koyaushe, domin idan ɗan kebele ya leƙo, maƙwabta ne ke shan gahawa. Baftisma da dare ake yin ta, a cikin gida, bayan an daɗe ana koyar da mutum ana kuma lura da shi, saboda tsoron masu kai rahoto. Wurin jana'iza kaɗai ake iya wa'azi a fili, domin ko Derg ba ta iya hana mutane binne matattunsu. Ta ce kafin a rufe majami'a ita mai zama a benci ce kawai, amma da aka kama maza, aka sa ido a kan sauran, sai aka ce mata ta jagoranci ƙungiya, tana kuka tana cewa ba ta iya ba. Ta tashi ta buɗe kabad ɗin ta ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, cike da darussan da ta kwafa da hannu da haruffan Amharik. Ta bar ni na riƙe shi. Zagaye uku ake shan gahawarsu, na ukun kuma sunansa baraka, kalmar da ban buƙaci tafinta ba.

Na tambayi ja-goran a mota ko ana ba wannan mata wani abu daga kuɗin da muka biya, ya ce ana ba ta, kuma ba a kawo mata baƙi fiye da sau ɗaya a mako, ba a kuma ɗaukar hotonta sai ta yarda. Na yaba da wannan tsari, domin abu ne mai sauƙi a mayar da wahalar tsohuwa hajar kasuwa.

Inda zagayen ya fi rauni shi ne abin da ya biyo bayan Mayun 1991, lokacin da Mengistu ya gudu Zimbabuwe, jama'a kuma suka kayar da gunkin Lenin a tsakiyar birnin. Takardar kamfanin ta yi alkawarin bayani a kan wannan zamani, amma abin da muka samu shi ne wucewa ta gaban wasu manyan majami'u sababbi da 'yan jimloli na murna a kan yawan jama'a. Yawan gaskiya ne. Ƙidayar 1984 ta nuna 'yan Furotesta ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, ta 1994 ta nuna sun haura kashi 10, ta 2007 kuma ta kai su kashi 18.6. Mekane Yesus, wadda ta fara da mutum kimanin 20,000 a 1959, yanzu ita ce mafi girma a cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya, Kale Heywet kuma tana aika nata 'yan mishan zuwa wasu ƙasashe. Tsarin mulkin 1995 ya raba addini da gwamnati. Amma 'yanci ya zo da nasa nauyin, kuma wannan ne na so in ji. Haɗin kan da kurkuku ya ƙulla tsakanin ɗariku ya sassauta da aka buɗe ƙofa, aka shiga rigingimu a kan mallakar gine-ginen da aka mayar, da kan harshen da za a yi sujada da shi, masu wa'azin arziki suka cika gari, dangantaka tsakanin Otodoks da Pente kuma ta yi tsami a wurare da dama saboda zargin satar tumaki. Cocin Otodoks kansa ya rabu biyu bayan Abuna Merkorios ya bar kujera ya fita ƙasar, aka naɗa Abuna Paulos a 1992, kuma sai a 2018 aka sulhunta. Akwai kuma tambaya mai wuya ta gafara, domin kotu ta sami Mengistu da laifin kisan ƙare dangi a 2006 ba ya nan, sannan a 2011 aka sassauta hukuncin kisa na wasu manyan jami'ansa aka saki da yawansu bayan shugabannin addinai sun nemi a yi afuwa, abin da bai yi wa iyalan waɗanda aka kashe da dama daɗi ba. Emama ce kaɗai ta taɓo wannan gefe, lokacin da ta ce a zamanin ɓoyo ta san sunan kowane ɗan ƙungiyarta da ciwon da ke damunsa, yanzu kuwa takan zauna a majami'a mai mutum dubu ta fita ba wanda ya san ta zo. Ja-goran ya fassara maganar, bai ƙara komai a kai ba, muka wuce.

Akwai wasu giɓi biyu da ba zan yi shiru a kansu ba. Na farko, a yini guda cur ba a ambaci Musulmin Habasha ba sai sau ɗaya, alhali su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar, kuma labarinsu a wannan zamani yana haɗe da na Kirista. Derg ce ta fara sanya ranakun Sallah ƙarama da babba da Mauludi cikin hutun gwamnati, sannan ita ce ta takura wa malamai da makarantu da tafiya aikin Hajji da zarar ta kafu. Mu da muke zaune da 'yan'uwa Musulmi a gida ɗaya mun san cewa gwamnatin da ta ɗauki addini a matsayin abokin gaba ba ta tsayawa a ƙofar majami'a, kuma ziyarar rabin sa'a zuwa masallacin Anwar da ke Merkato za ta cike wannan giɓi. Na biyu shi ne tashar rediyon da ta kawo ni. Ba ta cikin jerin wuraren, kuma da na tambaya, ja-goran ya san labarin ƙwace ta, amma ya yi mamaki da na gaya masa cewa har da Hausa take watsa shiri, da Fulatanci daga Ngaundare ta Kamaru. Ya fito da ƙaramin littafinsa ya rubuta sunan Muryar Bishara, ya sa na maimaita masa har ya iya furta shi, ya ce zai kai maganar gaban mai kamfanin.

Ina ba da shawarar wannan zagaye ga fastoci da ɗaliban makarantun tauhidi da shugabannin zumuntar mata da duk wanda jirgi ya ajiye a Adis Ababa yana da yini guda a hannu, amma da sharaɗin ya tabbatar tun kafin ya biya cewa ziyarar gida tana cikin shirin ranar, domin an gaya mini ba kullum ake samunta ba, kuma idan babu ita rabin darajar tafiyar ta tafi. Ya nemi a rubuta masa lokaci da agogon da ya saba, ya tambayi kuɗin shiga wuraren da ba a haɗa ba, ya riƙe Birr a hannu, ya kuma ɗauki rigar sanyi, domin birnin yana sama da mita 2,300 daga teku, daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwa ba ya sallama. Bai dace a shiga da ƙananan yara gidan tunawa da ke dandalin Meskel ba. Sun mayar da ni masauki da misalin ƙarfe shida na yamma, wato sha biyu a agogonsu, kuma kafin in kwanta na kira ƙanwata a Kaduna na tambaye ta ko rediyon Baba yana nan a cikin kayan da muka ajiye bayan rasuwarsa, ta ce yana nan a saman kabad, sai dai eriyar ta karye.